Gubar fumfuna da ƙwayoyin mafitsara: nazarin lamarin okratoksin A

A tsakiyar shekarun 1950 likitoci a yankin Vratsa na ƙasar Bulgeriya suka fara bayyana wata cutar ƙoda da ba ta yi kama da waɗanda suka saba gani ba. Tana cin ƙoda sannu a hankali har ta ƙanƙance, tana kama manoma gida-gida, sai ta cika wannan ƙauye ta tsallake na kusa da shi. Ba a jima ba aka gano ta a ƙauyukan da ke bakin rassan kogin Danube a Romaniya da Sabiya da Kuroshiya da Bosniya. Abin da ya ƙara ɗaure wa likitoci kai shi ne, a waɗannan ƙauyukan sankarar hanyar fitsari ta yi yawa fiye da kima, musamman a kwarmin ƙoda da bututun da ke kai fitsari mafitsara.

Daga shekarun 1970 zargi ya faɗa kan wata guba da fumfuna ke haifarwa a cikin hatsi, sunanta okratoksin A, ana taƙaita shi da OTA. Dalilin zargin mai ƙarfi ne: a ƙasar Denmark an riga an tabbatar cewa aladun da suka ci sha'ir mai fumfuna ƙodarsu tana kumbura ta yi fari, kuma OTA ce sanadi. Tun daga 1978 dokar mayankar ƙasar ta ce idan aka ga ƙodar alade ta sauya kama a auna ta, in gubar ta wuce iyakar da aka sa a zubar da naman gaba ɗaya. Tambayar da ta rage ita ce ko wannan guba za ta iya taɓa DNA, wato kundin gado da ke cikin kowace ƙwayar halitta, na ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin hanyar fitsari. Wata cibiyar binciken lafiyar ma'aikata da ke Dortmund a Jamus, inda Wolfram Föllmann da abokan aikinsa suke, ta ɗauki shekaru tana bin wannan tambaya.

Gubar kanta

Masana a Afirka ta Kudu ne suka fara ware OTA a 1965 daga fumfunar Aspergillus ochraceus. A ƙasashe masu sanyi Penicillium verrucosum ce ke samar da ita a alkama da sha'ir da aka adana da laima. A ƙasashe masu zafi kuwa dangin Aspergillus ne, a gahawa da koko da busasshen inabi da barkono da sauran kayan yaji. Dafuwa ta gida ba ta kashe ta.

Ƙirarta ce ke bayyana halinta. Ɓangare biyu ne a haɗe: wani zobe mai ɗauke da kulorin, da kuma fenilalanin, ɗaya daga cikin tubalan da jiki ke gina furotin da su. Saboda wannan ɓangaren na biyu, injinan cikin ƙwayar halitta sukan ɗauka abinci ne, sai gubar ta tare gurbin fenilalanin ta hana ginin furotin tafiya daidai. Shanu da tumaki da awaki sun fi samun sauƙi, domin ƙwayoyin da ke cikin tumbinsu suna yanke mahaɗar ɓangarorin biyu kafin gubar ta shiga jini, abin da ya rage kuma ba shi da ƙarfin cutarwa sosai. Alade da kaza da ɗan Adam ba su da wannan gata.

Idan ta shiga jinin mutum, fiye da kashi 99 cikin ɗari na OTA yana manne wa albumin, furotin ɗin da ya fi yawa a ruwan jini. Abin da ya manne ba ya tacewa ta ƙoda kai tsaye. Don haka gubar tana daɗewa: a jikin mutum sai an yi kusan kwana 35 kafin rabinta ya fita, alhali a alade da ɓera kwanaki kaɗan ne. Ɗan abin da ke fita, wasu masu dakon sinadarai da ke jikin bututun ƙoda, OAT1 da OAT3, su ne ke ɗebo shi daga jini su zuba a fitsari, sa'an nan wasu su sake tsotso wani kaso su mayar. Wannan shiga da fita ne ya sa ƙoda ta fi kowace gaɓa tara gubar. Ragowar tana gangarawa mafitsara ta zauna na sa'o'i tana gogar bangonta har sai an yi fitsari.

Yadda aka gwada

Masu binciken sun zaɓi mafitsarar alade saboda dalilai na aiki: shimfiɗar cikinta ta yi kama da ta mutum, alade yana cikin dabbobin da OTA ta fi yi wa illa, kuma ana samun mafitsara sabuwa daga mayanka ba tare da an yanka dabba don gwaji ba. Ana kawo ta cikin sanyi, a buɗe, a kankare shimfiɗar ciki, a wanke ƙwayoyin, a shuka su a faranti cikin ruwan raino wanda ba a sa masa ruwan jini ba. Wannan na ƙarshe a riƙe shi, za mu dawo kansa. Daga baya sun yi irin wannan da ƙwayoyin mutane, daga guntun hanyar fitsari da aka cire a tiyata.

DNA kamar igiya ce mai tufka biyu, tsawonta a kowace ƙwaya ya kai kusan mita biyu, an naɗe ta tam a cikin cibiyar ƙwayar. An auna ɓarnar da ke samun ta ta hanyoyi uku. A 1995 suka ƙirga musayar gutsattsari tsakanin tagwayen kuromosom, wato ƙunshin DNA da ke cikin cibiyar ƙwaya, suka ga ta ƙaru a ƙwayoyin alade ko da gubar kaɗan ce ƙwarai. A 1997 da 2000 suka auna ɗinkin gyara, wato sabon DNA da ƙwaya ke sakawa ba don za ta rabu ba sai don ta cike gurbin da ya lalace, a ƙwayoyin alade sa'an nan a na mutum, kuma a duka biyun OTA ta tayar da aikin gyara. Hanya ta uku ita ce ta fi shahara, gwajin tauraruwa mai wutsiya, wanda Östling da Johanson suka ƙirƙira a 1984, Singh da abokansa suka inganta shi a 1988.

Ga yadda ake yin sa a mafi yawan ɗakunan gwaji. Bayan ƙwayoyin sun sha gubar na 'yan sa'o'i, a ɓamɓaro su daga faranti, a gauraya da agaros, wani sinadari mai daskarewa kamar jeli, mai narkewa a ɗan ɗumi, kashi 0.5 zuwa 1 cikin ɗari, a zafin jiki, digiri 37. A shimfiɗa a kan gilashi a bar shi ya daskare a kan ƙanƙara. Sai a tsoma gilashin cikin ruwan fasa ƙwaya: gishiri mola 2.5 (mola ma'aunin yawan sinadari ne), EDTA milimola 100, Tris milimola 10, da sabulun Triton X-100 kashi 1 cikin ɗari, a pH 10, a digiri 4, aƙalla awa guda. Wannan yana narkar da fatar ƙwayar da furotin ɗin da ke riƙe da DNA, ya bar DNA kaɗai a cikin ramin agaros. Daga nan a mayar da shi cikin ruwan soda mai ƙarfi, sodiyom haidroksaid milimola 300 da EDTA milimola 1, pH sama da 13, na minti 20 zuwa 40. Sodar tana warware tufkar, kuma duk inda zare ɗaya ya tsinke, nan warwarar take farawa. Sai a kunna wuta, kusan bolt 25 da miliamfiya 300, na minti 20. DNA na da cajin korau, don haka sassan da suka saki suna jan jiki zuwa ɓangaren da ke da kishiyar cajinsa, lafiyayyen kuwa ya tsaya wuri ɗaya. A kashe kaifin sodar da Tris mola 0.4 a pH 7.5, a sa rini mai ƙyalli, a duba a madubin hangen ƙananan halittu. Ƙwaya mai lafiya za ta fito dunƙule kamar wata. Wadda aka yi wa ɓarna za ta fito da kai da wutsiya. Ana ƙirga ƙwaya 50 zuwa 100 a kowane gilashi, kuma ma'aunin da ya fi inganci shi ne kason DNA da ya koma wutsiya, ba tsawon wutsiyar kaɗai ba.

Da wannan gwaji OTA ta fitar da wutsiya, kuma tana ƙaruwa gwargwadon yawan gubar. A aikin da Lebrun da Föllmann suka buga a 2002 kan ƙwayoyin ƙodar kare, an ga abubuwa biyu da suka fi wutsiyar muhimmanci. Da aka toshe aikin gyara da magunguna biyu, araC da haidroksiyuriya, wutsiyar ta yi tsawo sosai. Da aka wanke gubar aka bar ƙwayoyin suka huta, cikin kusan awa biyu wutsiyar ta ɓace. Ma'anar wannan ita ce yawancin tsinkewar da ake gani aikin gyara ne aka kama ana tsakiyar yi: ƙwaya ta yanke wurin da ya lalace, ba ta gama ɗinkewa ba, sai soda ta riske ta. A ƙwayoyin mutane kuma, aikin da suka buga a 2006 ya nuna bambanci mai faɗi tsakanin mutum da mutum, wasu ƙwayoyinsu sun yi wutsiya, wasu ko gezau, har masu binciken suka duba ko bambancin gadon inzayim ɗin GST, wato furotin masu share guba, yana da hannu.

Gwajin yana da saurin ruɗi, kuma duk mai karanta sakamakonsa ya kamata ya san ramukan. Ƙwayar da ke mutuwa tana sassare DNA ɗinta da kanta, sai ta fito da ɗan kai da ƙatuwar wutsiya, abin da masu aikin ke kira bushiya. OTA kuwa tana kashe ƙwaya idan ta yi yawa, don haka idan waɗanda ke raye sun gaza kashi 70 zuwa 75 cikin ɗari, ba a san ko wutsiyar ta guba ce ko ta gawa ba. Hasken ɗaki yana tsinka DNA da aka tuɓe, shi ya sa ake aiki a duhu ko ƙarƙashin jan fitila. Barin ƙwayoyi su daɗe cikin tirifsin, sinadarin da ake ɓamɓaro su da shi daga faranti, yana ba da wutsiyar ƙarya. Ruwan soda idan ya yi ɗumi, ko tsayinsa a cikin tanki ya bambanta daga rana zuwa rana, lambobin ba za su kwatantu ba. Dole a sa gilashin da ba a ba shi guba ba sai ruwan da aka narkar da ita, da wani da aka ba abin da aka san yana tsinka DNA, kamar haidrojin feroksaid, kuma mai ƙirga bai kamata ya san wane gilashi ne wane ba.

Ta wace hanya take ɓarnar?

Nan ne masana suka rabu, kuma rabuwar ta daɗe. Ɓangare ɗaya, wanda Annie Pfohl-Leszkowicz ta Faransa da Richard Manderville na Kanada suka fi tsayawa a kai, ya ce jiki yana sarrafa OTA, kulorin ɗin ya fita, a sami wani sinadari mai zafin nama da ke manne wa guwanin, wato harafin G cikin haruffa huɗu na DNA (A, T, G, C), kai tsaye. Hujjarsu ɗigo-ɗigo ne da suke gani a wani gwaji mai amfani da fosfaras mai tururin nukiliya. Ɗaya ɓangaren, irin su Angela Mally da Wolfgang Dekant na Würzburg, sun ba ɓeraye OTA mai alamar kabon-14, suka nemi alamar a jikin DNA da na'urori masu tsananin gani, ba su samu ba. Suka ce ɗigon da ake gani bai tabbata yana ɗauke da gubar kanta ba.

Hanyoyin da ba na kai tsaye ba sun fi samun shaida. OTA tana rikita mitokondiriya, wato tashar wutar ƙwaya, kuma tana haɗuwa da ƙarfe ta haifar da ɓurɓushin oksijin masu cin duk abin da suka taɓa. Tana kuma rage ƙarfin Nrf2, furotin ɗin da ke kunna garkuwar ƙwaya a kan wannan ɓurɓushi. Wato tana hura wuta tana kuma ɓoye guga. Sakamakon shi ne guwanin ya yi tsatsa ya zama 8-oksoguwanin, wanda idan ba a gyara ba lokacin kwafi yakan sa a rubuta T a gurbin G. Ana tabbatar da wannan ta hanyar ƙara inzayim ɗin Fpg a gwajin wutsiya bayan matakin fasa ƙwaya. Fpg yana yanke DNA a duk inda ya ga guwanin mai tsatsa, kuma a ƙwayoyin da suka sha OTA wutsiyar takan ƙaru idan an sa shi. Akwai kuma hanya ta uku: gubar tana dagula rabuwar ƙwaya, kuromosom su kasa rabuwa daidai, a sami ƙwayoyi masu ƙatuwar cibiya. Irin waɗannan su ne alamar da aka fi gani a ƙodar ɓerayen da aka ba OTA. A 2011 masu bincike a Japan suka ga guntayen DNA sun ɓace a daidai sashen ƙodar ɓera da sankarar ke fitowa, wanda ya dace da tsinkewar tufka biyu da aka ɗinke ba daidai ba.

Idan aka kwatanta da aflatoksin, gubar fumfunar da aka fi sani a gyaɗa da masara, za a ga bambancin. Aflatoksin B1 an san sinadarin da hanta ke mayar da shi, an san inda yake mannewa a guwanin, an kuma san tambarin da yake bari a gurbi na 249 na ƙwayar gado ta TP53 a sankarar hanta. OTA ba ta da tambari irin wannan da kowa ya amince da shi. Shi ya sa hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, ta sa aflatoksin a rukuni na 1, ta bar OTA a rukunin 2B tun 1993, wato mai yiwuwa tana jawo sankara ga mutum.

Daga faranti zuwa jikin mutum

A nan ake yawan yin tsalle. Nauyin mola ɗaya na OTA giram 403.8 ne. A jinin mutanen da ke cin abinci na yau da kullum, yawanci ana samun ƙasa da nanogiram 1 a kowace mililita, wato kusan nanomola 2.5, kuma kusan duk a manne da albumin. A fitsari ya fi haka ƙaranci. Gwajin wutsiya kuwa yakan buƙaci mikromola da dama, wani lokaci har 100, wanda ya ninka na jini sau dubu arba'in. Kuma ruwan rainon ba shi da albumin, don haka duk gubar a sake take. Da an zuba ruwan jini a farantin, da yawancinta ya manne, tasirin ya ragu. Ba kuskure ba ne a yi gwajin haka, domin tambayar ita ce ko gubar za ta iya, amma amsar ba ta nuna cewa tana yi a jikin mai cin tuwo ba.

Bangon mafitsara ma ba kamar faranti yake ba. Saman shimfiɗar akwai manyan ƙwayoyi masu kama da lema, an lulluɓe su da faranta-farantan furotin da ke hana fitsari ratsawa, kuma a lafiyayyen jiki ƙwayoyin suna yin watanni ba su rabu ba. Waɗanda ke faranti suna ta rabuwa, ba su da cikakkiyar lemar. Sai dai wannan yana da ɗaya fuskar: inda bangon ya ji rauni ya shiga sabunta kansa, kamar a tsargiya ko ciwon sanyin mafitsara da ya daɗe, kariyar tana raguwa.

Gwajin dabbobi ya nuna inda gubar ta fi sara. A binciken shekara biyu da shirin nazarin guba na ƙasar Amurka ya buga a 1989, an ba ɓeraye mikrogiram 21, 70 da 210 a kowane kilo na nauyinsu, kwana biyar a mako. A mafi girman adadin, 36 cikin maza 50 sun yi ƙari a ƙoda, mata kuwa 8 cikin 50. Ƙoda ce wurin, ba mafitsara ba.

Sai kuma lamarin cutar ƙodar nan ta ƙauyukan bakin Danube, wadda ake kira cutar Balkan, ya juya. Tun 1969 wani masani mai suna Ivić ya nuna yatsa ga wata ciyawa, Aristolochia clematitis, da ke tsirowa a gonakin alkama, 'ya'yanta su shiga cikin girbi a niƙa su tare da gari. Ba a kula shi sosai ba sai a farkon shekarun 1990, da wasu mata a Beljiyam suka sha maganin rage ƙiba mai ɗauke da dangin wannan ciyawa, ƙodarsu ta mutu, da yawa kuma suka kamu da sankarar hanyar fitsari. A 2007 Arthur Grollman da abokan aikinsa suka samo sinadarin ciyawar, asid ɗin aristolokik, manne da DNA a ƙodar majinyatan Kuroshiya, tare da tambarinsa a TP53, inda A ke komawa T. Abin da aka nema a OTA shekara da shekaru ba a samu ba, ga shi a fili a wata guba dabam. Yau mafi yawan masana sun ɗora cutar Balkan a kan ciyawar. Wasu suna ganin OTA na iya ƙara wa wutar mai, amma ba ita ce kan gaba ba.

Wannan bai wanke OTA ba. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai, EFSA, a 2006 ta sa iyakar nanogiram 120 a kowane kilo na nauyin jiki a mako. A 2020 ta janye wannan iyaka, domin ba ta iya kawar da yiwuwar cewa gubar tana taɓa DNA kai tsaye ba, ta koma auna tazara tsakanin abin da mutane ke ci da adadin da ke cutar da dabba: mikrogiram 4.73 a kilo a rana don lalacewar ƙodar alade, 14.5 don ƙarin ƙodar ɓera. Bayan haka Tarayyar Turai ta tsaurara doka daga farkon 2023. Ɗanyen hatsi yana nan a mikrogiram 5 a kilo, wanda aka sarrafa 3, abincin jarirai 0.5, amma gasasshiyar gahawa ta sauko daga 5 zuwa 3, busasshen inabi daga 10 zuwa 8.

A ƙasar Hausa, manyan abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar mafitsara su ne tsargiya da shan taba, kuma mai fitsarin jini can ya kamata a fara dubawa. Inda OTA ta shafe mu shi ne rumbu da sito, da kuma masu fitar da citta da barkono zuwa Turai, waɗanda ake auna kayansu a tashar jiragen ruwa. Fumfunar tana buƙatar laima, kuma a alkama gubar tana fara taruwa ne idan laimar ta kai kashi 17 zuwa 18 cikin ɗari. Hatsin da aka busar zuwa kashi 13 ko ƙasa, aka shanya a kan tamfol ba a ƙasa ba, aka tsince fasassu da masu baƙi, aka ɗora buhunan a kan katako nesa da bango, ba ya ba ta wuri. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana hana iska da ƙwari, amma sai hatsin ya bushe kafin a ɗaure. Gubar kuma ba ta bazuwa daidai a cikin kaya, takan taru a lungu ɗaya inda ruwa ya ɗiga, don haka mai ɗaukar samfur sai ya ɗebo kaɗan-kaɗan daga buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasa, ya gauraya ya niƙa kafin ya kai awo.